Kama da Wane Ba Ta Wane: Turanci da Danginsa na Turai

Ɗan boko da ya sauka a Jamus, ya shiga kantin kayan gona, zai iya cin karo da wata kwalba mai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye, a ƙasa an rubuta *Gift*. Idonsa zai karanta "kyauta", domin abin da malamin firamare ya koya masa ke nan. Hoton kuma yana faɗa masa wani abu daban, kuma hoton ne mai gaskiya: a Jamusanci *Gift* guba ce. In ya ƙara gaba ya shiga Suwidin, ya ji an ce wance *gift* ce, kada hankalinsa ya tashi, ana nufin tana da aure. Sai dai a can ma kalmar tana nufin guba, kuma mutanen ƙasar sun daɗe suna tsokanar ma'aurata da wannan.

Wasu malamai biyu Faransawa, Koessler da Derocquigny, su suka raɗa wa irin waɗannan kalmomi sunan "abokan ƙarya" a wani littafi na 1928, sunan kuma ya bi su har yau. Ni ban gamsu da shi ba, aƙalla a kan Turanci da Jamusanci da harshen Holan da na arewacin Turai. Mafi yawan kalmomin da ke yaudarar ɗalibi a tsakanin waɗannan harsuna ba baƙi ba ne da suka yi shigar burtu. 'Yan uwa ne na jini, ciki ɗaya, waɗanda rayuwa ta raba tun suna ƙanana, kowa ya girma a garinsa ya ɗauki sana'ar da ya tarar.

A dawo kan *gift* ɗin. Tushenta bayarwa ne, ɗaya da *give* ta Turanci da *geben* ta Jamusanci. Ma'anarta ta fari "abin da aka bayar". A tsohon Turanci tana nufin dukiyar da ake bayarwa domin a sami mata, jam'inta kuwa shi ne bikin auren. Mutanen arewacin Turai suka riƙe wannan gefen, mai aure a wurinsu ita ce wadda aka bayar. Duk wanda ya taɓa zama a wurin ɗaurin aure, ya ji waliyyi ya ce an bayar, wakilin ango ya ce an karɓa, ba ya bukatar dogon bayani a nan. Jamusawa ma ba su yar da tsohuwar ma'anar gaba ɗaya ba, har gobe *Mitgift* suke kiran kayan da amarya ke tafiya da su gidan miji. To ina guba ta shigo? Ta ƙofar likitoci. Girkawa na kiran awon maganin da ake ba majiyyaci *dosis*, wato "bayarwa", sai Jamusawa suka mayar da ita harshensu da *Gift*. Daga abin da ake ba mutum don ya warke zuwa abin da ake ba shi don ya tafi, taku ɗaya ne, ga shi kuma baki ba ya son kiran mugun abu da sunansa. Mu ma mukan ce "an ba shi ya ci", mu yi shiru, kowa ya gane. Ita kanta *poison* ta Turanci daga Latin *potio* ta fito, ma'anarta kawai "abin sha".

Kakan waɗannan harsuna ana magana da shi a kudancin Sikandinebiya da arewacin Jamus ta yau fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Bai bar littafi ba, masana sun gano kamanninsa ne ta hanyar jera jikokin. Reshen gabas, na Gotawa, ya mutu, amma ya bar fassarar Baibul da wani limamin Kirista mai suna Wulfila ya yi a ƙarni na 4, kuma wani kwafinta da aka rubuta da tawadar azurfa yana ajiye a Uppsala. Reshen arewa ya haifi harsunan Suwidin da Danmak da Nowe da Aisilan. Reshen yamma ya haifi Jamusanci da harshen Holan da na Firisiya, sai kuma Turanci, wanda ƙabilun Angil da Sakson da Jut suka ƙetara teku da shi zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5. Daga baya Turanci ya ci bashin kalmomi har wuya, musamman bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066 Faransanci ya zama harshen fada. Amma kayan cikin ɗaki ba su canja ba. Hannu *hand* ne a Landan da Balin da Amstadam da Sitokholm. Gida *house* ne, *Haus*, *huis*, *hus*. Burodi *bread*, *Brot*, *brood*, *bröd*.

Tambayar da ke gaban mai bincike ita ce: ta yaya za a bambance ɗan uwa na gaskiya da mai kama kawai? Amsar da ƙarni na 19 ya bayar ita ce ginshiƙin wannan fanni duka, kuma ba ta da wuyar faɗa. Sauti ba ya canjawa a kalma ɗaya ya bar sauran. In mutanen wani yanki suka fara karkata harshe a kan wani baƙi, duk kalmar da baƙin nan ya zauna a irin wannan gurbi sai ta karkata. Rasmus Rask ɗan Danmak ya hango haka a 1818, Jacob Grimm ya tsara shi a 1822. Grimm ɗin nan shi ne wanda shi da ƙanensa Wilhelm suka tattara tatsuniyoyin Jamus, duniya kuma ta fi saninsu da tatsuniyoyin fiye da nahawun. Abin da ya nuna shi ne duk inda Latin ke da *p*, wannan zuriya tana da *f*: *pater* da *father*, *piscis* da *fish*. Inda Latin ke da *t*, nan akwai *th*: *tres* da *three*. Inda ke da sautin *k*, nan *h* ce: *cornu* da *horn*, *centum* da *hundred*. Inda ke da *d*, nan *t* ce: *decem* da *ten*, *duo* da *two*. Ragowar kalmomin da suka ƙi bin layi, Karl Verner, shi ma ɗan Danmak, ya zo a shekarun 1870 ya nuna cewa su ma doka suke bi, ta inda nauyin murya ke faɗawa a tsohuwar kalmar.

Bahaushe ya san irin wannan tun kafin ya ji sunan Grimm. Basakkwace ya ce *zamna*, *sabro*, *abduga*, Bakano ya ce *zauna*, *sauro*, *auduga*. Ba kalmomi uku ne suka yi hatsari daban-daban ba, ɗabi'a ɗaya ce: baƙin leɓe a ƙarshen gaɓa ya narke ya zama *u*. Wanda ya rubuta wannan doka ta Hausa a ƙarshen shekarun 1920 Bajamushe ne, August Klingenheben, da irin ma'aunin da ya gada daga su Grimm ya auna ta.

Akwai juyi na biyu bayan wanda Grimm ya tsara, shi ne ya fi amfani ga mai son gane Jamusanci daga Turanci. Ya taso daga tsaunukan kudu a farkon zamanin tsakiya, ya yi ta hawa arewa har ya gaji. Inda ya tsaya masana suka ja layi, suka sa masa sunan Benrath, wata unguwa ta Dusseldorf a bakin kogin Rhine: arewa da layin ana cewa *maken*, kudu da shi *machen*. Turanci da harshen Holan suna bayan layi, juyin bai taɓa su ba. Shi ya sa *water* ta zauna *water* a Holan ta koma *Wasser* a Jamus, *apple* da *appel* suka koma *Apfel*, *ship* ta koma *Schiff*, *book* ta koma *Buch*, *day* ta koma *Tag*, *ten* da *tongue* suka koma *zehn* da *Zunge*.

Da wannan mabuɗi a hannu, sai ɗakunan da ba a zata ba su fara buɗewa. Tunda *t* ta Turanci a farkon kalma *z* ce a Jamusanci, me *town* za ta zama? *Zaun*. Amma *Zaun* ba gari ba ne, shinge ne. A Holan kuma *tuin* lambu ne. A Aisilan *tún* ita ce gonar ciyawa da ke jikin gida. Kalma ɗaya ce, ma'anarta wurin da aka kewaye. Bajamushe ya riƙe dangar, mutumin Holan ya riƙe abin da aka shuka a cikinta, Bature na Ingila ya riƙe mutanen da suka zauna a ciki, ya yi ta faɗaɗa su daga gidan gona zuwa ƙauye zuwa gari. Mafi yawan sunayen garuruwan Ingila masu ƙarewa da *ton*, irin su Southampton da Brighton, wannan shingen ne. Mu da ba ma kiran gari birni a da sai yana da ganuwa, wannan tafiya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Haka *timber*, katakon gini, take da 'yar uwa *Zimmer*, wadda ita ɗaki ce, wato abin da aka gina da katakon. *Tide*, cikowa da janyewar teku, ita ce *Zeit*, lokaci. Masu zama a bakin teku da hawan ruwa suke auna yini, sai agogon ya cinye sunan lokacin.

Mabuɗin nan dai shi ke rufe ƙofa ga mai kutse. *Have* ta Turanci da *habere* ta Latin suna kama, ma'anarsu ma ɗaya, kowa zai rantse 'yan gida ɗaya ne. Doka ta ce a'a: *h* ta wannan zuriya da *k* ta Latin take tafiya, saboda haka 'yar uwar *have* ita ce *capere*, kamawa. *Bald* a Jamusanci "nan ba da jimawa ba" take nufi, babu ruwanta da sanƙon Turanci, danginta *bold* ce, ƙarfin hali, daga kuzari aka gangaro zuwa hanzari. *Rat* ba ɓera ba ne, shawara ce, *Rathaus* kuma zauren majalisar gari ne, ba gidan ɓeraye ba. 'Yar uwarta a Turanci ita ce *read*, wadda kafin ta zama karatu tana nufin ba da shawara da warware abin da ya ɗaure, daga nan *riddle*, kacici-kacici, ta fito. Akwai wani sarkin Ingila, Ethelred, da ya rasu a 1016, wanda littattafan makaranta ke kira *the Unready*, kamar wanda bai shirya ba. Ba haka laƙabin yake ba. Sunansa na yanka yana nufin "shawara ta girma", masu habaici suka liƙa masa *unræd*, "muguwar shawara". Zambo ne mai kaifi, ma'anar kalma ta gushe ta bar shi dakushe.

Dacewar banza kuwa ba ta da iyaka, tunda baƙaƙen da bakin ɗan Adam ke iya furtawa ba su da yawa. Rubuta *dare*, *take*, *fate*, *sun* a allo, ka kira Bahaushe da Bature su karanta, kowa zai ce nasa ne. Ina faɗin haka ne saboda nakan ji masu ɗauko kalma ɗaya daga nan ɗaya daga can, su gina tarihin ƙaura a kai. Kalma ɗaya ba ta zama shaida. Jeri ne shaida, kalmomi goma, ashirin, duk suna karkata gefe ɗaya.

Sauti ke nan, mai bin doka. Ma'ana kuwa 'yar gaban goshi ce, ba ta da makiyayi, sai dai in an bi sawunta a ga rayuwar mutane ce take bi. Turanci, saboda yawan baƙin kalmomi da ya saukar, ya riƙa tura 'yan gida zuwa lungu. *Deer* a da kowace dabba ce, kamar *Tier* da *dier* da *djur* har yau. Da *beast* da *animal* suka shigo daga Faransanci da Latin, sai ta tsuke ta zama sunan dabba ɗaya tak, irin barewar nan ta ƙasashen sanyi da sarakuna suka fi farauta. *Starve* mutuwa ce kowace iri, kamar *sterben* da *sterven*, yanzu sai ta yunwa. *Meat* abinci ne gaba ɗaya, kamar *mat* a Suwidin da Nowe, ta koma nama kaɗai. *Fowl* kowane tsuntsu ne, kamar *Vogel*, ta ƙare a akurki.

Wasu kuma arziki ne ya raba su. *Cniht* a tsohon Turanci yaro ne, bara. Amma baran wa? Wanda ke riƙe wa sarki takobi ba ɗaya yake da mai kwashe kashin shanu ba. A Ingila kalmar ta bi yaran sarki, ta hau doki, ta zama *knight*, sarautar da har yau fadar Ingila ke naɗawa. A Jamus *Knecht* ta zauna a gona, ɗan ƙodago. Jarumin doki a can *Ritter* ne, mahayi. Ita kuma *Knabe*, yaro, ta zauna lafiya a Jamus, 'yar uwarta *knave* ta lalace a Ingila ta zama ɗan iska. *Wife* ta tsira da mutuncinta, alhali *Weib* da *wijf*, waɗanda a da mace kawai suke nufi, yau in ka kira mace da su ka nemi faɗa. Ka lura da rubutun *knight* ɗin ma. Ɗalibai na tsine wa *k* da *gh* da ba a furtawa, amma a da ana furta su sarai, Jamusanci ne shaida: *night* da *Nacht*, *light* da *Licht*, *daughter* da *Tochter*, *laugh* da *lachen*. Baki ya ci gaba, alƙalami ya tsaya inda maɗaba'a ta same shi.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce *silly*. A Jamusanci *selig* mai albarka ne, wanda ya dace da rahama, da ita ake ambaton mamaci. Haka take a tsohon Turanci. Sai ta fara gangarowa sannu a hankali: mai albarka, mai tsoron Allah, marar laifi, marar wayo, abin tausayi, wawa. Kowane mataki ƙarami ne, babu wanda ya ji an taka shi. Ka tuna yadda "bawan Allah ne" ke fita a bakinmu, wani lokaci yabo, wani lokaci da ɗan murmushi a gefe. *Bead* kuma, ƙwayar dutsen ado, asalinta addu'a ce, dangin *beten* da *Gebet*. Masu ibada suna ƙirga addu'o'i da ƙwayoyi a zare, sai sunan addu'ar ya zame ya faɗa kan ƙwayar, kamar yadda tasbihi ya ba tasbaha suna. *Thing*, wadda yau ba ta nufin komai sai "abu", a da taron jama'a ce inda ake yanke shari'a. Daga taro ta koma maganar da aka kawo gaban taro, daga magana ta koma kowane abu. A arewa tana nan da rawaninta: majalisar Aisilan, Althingi, da aka kafa a 930, da Storting ta Nowe, da Folketing ta Danmak.

Ba Turanci kaɗai ke wannan rikici da danginsa ba, su ma a junansu suna yi. *Rolig* a Danmak da Nowe natsattse ne, a Suwidin mai ban dariya. *Bellen* a Holan buga waya ne, a Jamus haushin kare. *Slim* a Holan mai wayo ne, *schlimm* a Jamus mummuna, Turanci kuma ya ari ta Holan ya mai da ita siriri. Asalin duka "karkatacce". Teku da tafki ma musanya suka yi. A Holan *zee* teku ne, *meer* tafki. A Jamus *Meer* teku ne, *See* kuwa in namiji ne tafki, in mace ce teku. Lokacin da mutanen Holan suka gama datse wani reshen teku da babbar madatsa a 1932, ruwan gishiri ya koma na daɗi, sai sunan ma ya bi: Zuiderzee ta zama IJsselmeer.

Akwai wata hanya kuma da kama ke shigowa, wato ɗan uwa ya yi aro a wurin ɗan uwa. Mayaƙan jiragen ruwa na Danmak da Nowe sun fara kai hari Ingila da farmakin Lindisfarne a 793, daga baya suka zauna a arewa da gabas, suka yi auratayya. Harsunan biyu suna kusa har kalma kan zo ta tarar da tagwaicinta a gida. *Shirt* ta 'yan ƙasa ce, *skirt* ta baƙi, asali riga ɗaya ce, aka raba musu jiki, ɗaya ta ɗauki sama ɗaya ƙasa. Ta Jamus, *Schürze*, ta zama ƙyallen da mai girki ke ɗaurawa a gaba. Har *they* da *them* da *their* na baƙin ne. William Caxton, wanda ya kawo maɗaba'a Ingila a 1476, ya ba da labari a 1490 na wasu fatake da rashin iska ya tsayar da jirginsu a bakin kogin Thames, suka sauka neman abinci. Ɗayansu ya tambayi matar gida *egges*, ta ce ita ba ta jin Faransanci. Mutumin ya fusata, don shi ma ba ya ji. Sai da wani ya ce *eyren* sannan ta gane ƙwai ake so. Tata ita ce ta gado, 'yar uwar *Eier* ta Jamusanci, tasa ta baƙin arewa ce, kuma tasa ce ta ci kasuwa.

Aron yau ya juya, daga Turanci yake kwarara, kuma yana haifar da nasa 'ya'yan. Bajamushe na kiran wayar salula *Handy*, tsohuwar mota ta tarihi *Oldtimer*, na'urar haska hoto a bango *Beamer*, yana ganin Turanci yake yi, mutumin Landan kuwa bai san zancen ba.

Sai kare. Dukan dangin suna kiransa da suna ɗaya: *Hund*, *hond*, *hund*. Turanci ma *hund* yake cewa a da. Can wajen ƙarni na 11 wata kalma, *docga*, ta ɓullo a rubuce, ba ta da 'yar uwa a ko'ina cikin zuriyar, kuma ga alama wani irin ƙaƙƙarfan kare ake nufi da ita. A hankali ta mamaye gidan, *dog* ta zama kowane kare, *hound* ta koma ta mafarauta kaɗai. Su kuma Jamusawa da suka riƙa sayo manyan karnuka daga Ingila sai suka sayo har da sunan. A Jamus yau kowane kare *Hund* ne, *Dogge* kuwa sai ƙaton nan mai faffaɗan muƙamuƙi.